Hayaƙi, Gishirin Teku da Haɗi: Fahimtar Wuskin Gaɓar Sikotilan da Gardamar da Ke Tattare da Shi

A ranar 24 ga Yulin 2025 Birtaniya da Indiya suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar ciniki, kuma daga cikin abubuwan da aka fi yayatawa a cikinta akwai rage harajin da Indiya ke ɗora wa wuskin Sikotilan daga kashi 150 cikin ɗari zuwa kashi 75, sannan a ci gaba da sassauta shi har ya sauko kashi 40 cikin shekara goma. Masu bin labaran duniya da dama sun yi mamakin yadda abin sha ya samu gurbi a teburin firaministoci biyu. Amsar tana cikin alƙaluma, domin a shekarar 2024 kaɗai Sikotilan ta fitar da wuski na fam biliyan 5.4, kwatankwacin kwalba biliyan 1.4, kuma Indiya ce ta fi kowace ƙasa ɗaukar yawan kwalabe, yayin da Amurka ta fi kowa biyan kuɗi.

Ga mafi yawan masu karatun Hausa hukuncin giya a addini sananne ne, kuma ba shi ne abin tattaunawa a nan ba. Abin dubawa shi ne wata masana'anta da ta haɗa doka, kimiyya, talla da rikicin muhalli a cikin kwalba guda. Inda waɗannan abubuwa suka fi cuɗanya shi ne nau'in da ake tallatawa da kalmomi uku, wato mai hayaƙi, na gaɓar teku, kuma haɗaɗɗe. Kalmomin uku ba su da nauyi ɗaya. Ɗaya doka ce ta yanke ma'anarta, ɗaya ana iya auna ta a ɗakin gwaji, ta ukun kuwa har yau masana ba su daina jayayya a kanta ba.

Abin da doka ta yanke

Dokar da ke aiki yanzu ita ce ta 2009, wadda ta fayyace abin da ya cancanci a kira wuskin Sikotilan. Dole ne a yi shi a cikin ƙasar da ruwa da tsiron sha'ir, ko da an ƙara wasu hatsi, a tace shi ta hanyar tururi ba tare da ƙarfinsa ya kai kashi 94.8 ba, a zuba shi a gangar itacen oak wadda ba ta wuce lita 700 ba, ya kwana a cikinta aƙalla shekara 3 a ƙasar Sikotilan, kuma kada ƙarfinsa ya gaza kashi 40 lokacin da aka ɗura shi a kwalba. Ba a yarda a ƙara masa komai ba sai ruwa da launin ƙonannen sukari. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya, saboda yana nufin ba wanda ke da iznin zuba gishiri ko ruwan hayaƙi a cikin kwalba. Duk ɗanɗanon da aka ji, dole ya fito daga hatsi, wuta, tukunya ko ganga.

Dokar ta kasa wuskin gida biyar. Akwai wanda aka yi da tsiron sha'ir zalla a matata guda cikin tukwanen jan ƙarfe, akwai wanda aka yi a matata guda amma da ƙarin alkama ko masara, akwai haɗin na tsiro daga matatu daban-daban, akwai haɗin na hatsi daga matatu daban-daban, sai na biyar wanda ya gauraya na tsiro da na hatsi. Wannan na biyar shi ne ainihin abin da ake nufi da haɗaɗɗen wuski, kuma shi ne mafi yawan abin da ake sayarwa a duniya, irin su Johnnie Walker, Ballantine's da Chivas Regal. Mutane kan rikita shi da na uku, alhali Big Peat ko Rock Island na kamfanin Douglas Laing, alal misali, ba su da ɗigon wuskin hatsi a cikinsu. Wannan rarrabewa ta samo asali ne daga wata taƙaddama ta 2003, lokacin da kamfanin Diageo ya mayar da Cardhu, wanda a da wuskin tsiro ne na matata guda, haɗin matatu da yawa amma ya bar shi da sunansa da kamannin kwalbarsa, sauran masu sana'ar suka yi ca a kansa har ya janye.

Haka kuma doka ta kare sunayen yankuna biyar: Highland, Lowland, Speyside, Campbeltown da tsibirin Islay, wanda ake furtawa Aila. Idan aka rubuta shekaru a kwalba, to shekarun wuski mafi ƙanƙanta ne a cikin haɗin. Amma babu wani sashe na dokar da ya ce ga abin da ake nufi da "na gaɓar teku" ko "mai hayaƙi". Waɗannan kalmomi ne na masu talla.

Yadda haɗi ya zama sarkin kasuwa

Rubutaccen ambato na farko game da wuski a Sikotilan yana cikin kundin baitulmali na 1494, inda aka ba wani malamin coci mai suna John Cor tsiron sha'ir don ya yi "ruwan rai", kuma daga wannan suna a harshen Gelik ne kalmar wuski ta fito. Ƙarnuka da dama abin ya kasance sana'ar manoma, galibi a ɓoye don gudun haraji, har dokar 1823 ta sauƙaƙa lasisi. Wuskin wancan zamani yana da kaifi da warin hayaƙi, kuma ganga ɗaya ba ta kama da 'yar'uwarta, abin da ya sa bai karɓu sosai ba a wajen masu kuɗin Landan.

Abubuwa uku ne suka sauya lamarin. A 1830 Aeneas Coffey, tsohon jami'in haraji daga Ailan, ya yi rajistar wata na'urar tacewa mai tsayi da ke aiki ba tsayawa, tana fitar da barasa mai sauƙin ɗanɗano da arha daga kowane irin hatsi. A 1860 aka yi dokar da ta ba da damar gauraya wuskin tsiro da na hatsi a rumbun ajiya kafin biyan haraji, sai 'yan kasuwa irin su Andrew Usher na Edinburgh da iyalin John Walker, wanda ya buɗe kantin kayan masarufi a Kilmarnock a 1820, suka gane cewa haɗi yana ba su ɗanɗano iri ɗaya kowace shekara. Daga bisani wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya lalata gonakin Faransa, barandi ya yi wuya a Ingila, haɗaɗɗen wuski ya cike gurbinsa.

Masu tukwanen gargajiya ba su yi shiru ba. A 1905 wata kotu a unguwar Islington ta Landan ta hukunta masu sayar da haɗi bisa cewa abin da suke sayarwa ba wuski ba ne, sai da kwamitin bincike na gwamnati ya zauna a 1908 da 1909 kafin a yanke cewa barasar hatsi ma wuski ce. Tun daga nan matatun tsiro, har da na tsibirai, suka zama masu samar da kayan haɗi ga manyan kamfanoni. Wuskin matatar Lagavulin ya daɗe yana cikin haɗin White Horse, na Caol Ila yana cikin Johnnie Walker Black Label, na Ardmore kuma shi ne ke ba haɗin Teacher's ɗan hayaƙinsa.

Inda hayaƙin yake fitowa

Ba a sa wa wuski hayaƙi bayan an gama shi. Hayaƙin yana shiga ne tun ana busar da hatsi. Ana jiƙa sha'ir kamar kwana biyu, a baza shi ya tsira na kusan kwana biyar domin sitacinsa ya shirya komawa sukari, kamar dai yadda ake tsirar da dawa ko gero. Idan aka bar shi ya ci gaba da tsira zai cinye abincinsa, saboda haka dole a tsayar da shi da zafi. A tsibirai da tsaunukan Sikotilan itace ya yi ƙaranci, gawayin kwal kuma bai isa can ba sai bayan zuwan jirgin ƙasa da jiragen ruwa masu tururi, don haka makamashin da ke hannun kowa shi ne abin da ake kira peat a Turance, wanda za a iya kira gawayin fadama.

Gawayin fadama tarin gansakuka ne da ciyayi da saiwoyi da suka mutu a cikin ƙasa mai jiƙe da ruwa, inda rashin iska ya hana su ruɓewa gaba ɗaya. Yana taruwa a hankali ƙwarai, kimanin milimita ɗaya a shekara, ma'ana ramin da ya kai zurfin mita ɗaya ya ƙunshi aikin shekara dubu. Ana yanka shi kamar tubali, a shanya, sannan a turara shi a ƙarƙashin tsiron da ke shimfiɗe a kan bene mai huji-huji. Masu aikin ba sa son harshen wuta, hayaƙi mai kauri da sanyi suke nema, shi ya sa sukan rufe wutar da ɗanyen gawayi. Kuma tsiron yana kama hayaƙin ne muddin yana da danshi, kamar yadda kifin banda ke shan hayaƙi tun yana ɗanye, ko yadda tufa mai ɗan laima ta fi riƙe turaren wuta. Da zarar ya bushe, sai a ƙarasa da iska mai zafi.

Abin da ke maƙalewa a ɓawon hatsin rukuni ne na sinadarai da ake kira finol. Kowanne da irin ƙanshinsa. Shi finol kansa da danginsa kiresol su ne ke kawo warin maganin asibiti, kwalta da bandeji, guwayakol yana kawo ƙanshin itacen da ya ƙone da naman banda, siringol kuma yana kawo hayaƙi mai ɗan zaƙi. Ana auna su da kashi cikin miliyan. Tsiron Bowmore yana kusan 25, na Lagavulin da Caol Ila kusan 35, na Ardbeg ya haura 50, Octomore na matatar Bruichladdich kuwa ya taɓa kaiwa 309.

A nan ne mai saye ya fi ruɗewa, domin wannan adadi na tsiro ne, ba na abin da ke cikin kwalba ba. Bayan an niƙa tsiron an tatse ruwan zaƙinsa, an sa yis ya tsima na kwana biyu zuwa huɗu har ya zama giya mai ƙarfin kusan kashi 8, ana tafasa shi sau biyu a tukwanen jan ƙarfe, kuma a kowane mataki wani kaso na finol yana salwanta. Finol yana da nauyi, a ƙarshen tafasa yake fitowa, saboda haka mai kula da tukunya da ya yanke ɗiba da wuri zai samu barasa mai sauƙin hayaƙi, wanda ya jinkirta kuma zai samu mai kauri. Siffar tukunya ma tana da tasiri. Misalin da masu sana'ar suka fi bayarwa shi ne na Lagavulin da Caol Ila, waɗanda ke karɓar tsiro kusan iri ɗaya daga masana'antar tsiro ta Port Ellen, amma na farko ya fito da nauyi da maiƙo, na biyu ya fito siriri mai kaifi. Shekarun ganga su ma suna lausasa hayaƙin, shi ya sa ɗan shekara 8 yakan fi ɗan shekara 25 bugun hanci.

Asalin gawayin ma yana sauya sakamako. Bincike a cibiyar nazarin wuski da ke Edinburgh ya nuna cewa gawayin wurare daban-daban ya bambanta a sinadaransa. Na tsibirin Orkney, inda iska ta hana bishiyoyi tsayuwa, yawancinsa daga wani ɗan tsiro mai fure ne da ke rufe tuddai, kuma matatar Highland Park tana haƙar nata a Hobbister don wannan ƙanshi mai kama da turare. Na Islay ya fi yawan gansakuka, na St Fergus a arewa maso gabas kuma ya fi ragowar itace.

Gardamar gishirin teku

Matatu da yawa suna bakin teku ne saboda a da jirgin ruwa ne kaɗai hanyar kawo sha'ir da kwashe ganguna. Talisker tana tsibirin Skye tun 1830, Oban tana tsakiyar garin da ya girma a kewayenta tun 1794, Old Pulteney tana garin masunta na Wick, Springbank tana Campbeltown, sannan Laphroaig, Lagavulin da Ardbeg suna jere a kudancin Islay, igiyar ruwa na dukan bangonsu. Masu ɗanɗana wuskinsu sukan ambaci gishiri, ciyawar teku, igiyar jirgi da ɓawon kawa.

Ɓangare na farko na masu gardama ya ce teku ce da kanta ke shiga. Hujjarsu ita ce ganga tana numfashi, domin kowace shekara kimanin kashi 2 cikin ɗari na abin da ke ciki yana tsere wa ta jikin katako, abin da suke kira rabon mala'iku, iskar waje kuma tana maye gurbinsa. Idan rumbun yana bakin ruwa, kamar tsohon rumbun Bowmore da wani sashensa ke ƙasa da matakin teku, to a ganinsu iskar da ke shiga tana ɗauke da alamar gishiri.

Ɓangare na biyu, wanda masana sinadarai suka fi yawa a cikinsa, ya kawo hujjoji biyu masu wuyar turewa. Ta farko, gishiri ba ya tashi da tururi, saboda haka ko da ruwan matata yana da shi, a gindin tukunya zai zauna, kuma abin da ake samu na sodiyam a cikin wuski bai kai yadda harshe zai gane ba. Ta biyu ta fi ƙarfi: yawancin barasar Caol Ila, da kaso mai yawa na wasu matatun tsibirai, ana loda ta ne a tankoki a tsallaka da ita babban yankin ƙasar, ta shekara goma ko fiye a rumbunan tsakiyar Sikotilan nesa da teku, amma duk da haka masu ɗanɗana suna jin "teku" a cikinta. Doka ba ta hana wannan ba, domin sunan Islay a kwalba yana nufin inda aka tace ne, ba inda aka adana ba.

Abin da hujjojin suka fi karkata gare shi shi ne cewa abin da ake ji gaskiya ne, amma sunan da aka ba shi aro ne. Warin magani na kiresol yana tuna wa hanci aidin da ciyawar teku, wasu sinadaran sulfa da ke tsira daga tukunya suna kama da warin gaɓa idan ruwa ya janye, kuma gangar da aka sha amfani da ita ba ta rufe waɗannan da zaƙi. Sai kuma aikin ƙwaƙwalwa, wadda ke haɗa hayaƙi da gishiri saboda a abinci tare suke zuwa, balle idan an riga an ga hoton hasumiyar jiragen ruwa a jikin kwalba. Danshi da sanyin gaɓa suna iya sauya yadda ganga ke aiki, wannan ba a musa shi ba, sai dai hakan daban ne da cewa gishirin teku ya ratsa katako. Ko a kan Islay ɗin ma, Bunnahabhain da Bruichladdich suna yin wuski marar hayaƙi baya ga mai hayaƙin, abin da ke nuna cewa zama a bakin teku bai wajabta wani ɗanɗano ba.

Aikin mai haɗi

Mai haɗi yana aiki da hanci fiye da harshe. Yakan tsarma samfuri da ruwa har ƙarfinsa ya sauko kusan kashi 20, domin zafin barasa kada ya toshe ƙanshi, kuma yana iya shinshina ɗaruruwan samfura a mako. Haɗi ɗaya yakan ƙunshi wuski 20 zuwa 40. Gindinsa wuskin hatsi ne daga manyan matatu irin su Cameronbridge, Girvan ko North British, mai laushi da ɗan zaƙi. A kansa ake ɗora na tsiro masu ƙanshin 'ya'yan itace daga Speyside, sannan a kawo masu hayaƙi a matsayin kayan yaji. Ɗan kaɗan daga cikinsu yana isa ya juya haɗin baki ɗaya, kamar yadda daddawa kaɗan ke mallake tukunyar miya, kuma gwanintar tana wajen sanin inda za a tsaya.

Ganga ita ce ɗaya hannun nasa. Dokar Amurka ta wajabta a yi wuskin bourbon a sabuwar gangar da aka babbake cikinta, don haka tsofaffin gangunan suke kwarara Sikotilan da arha, suna ba da ƙanshin banila da kwakwa. Gangunan giyar sheri daga Sifaniya suna ba da launi mai duhu da ɗanɗanon busassun 'ya'yan itace. Johnnie Walker Double Black, alal misali, ya dogara ne da ƙarin wuski mai hayaƙi da gangunan da aka babbake sosai. Matsalar da mai haɗi ke fama da ita kullum ita ce kiyaye ɗanɗano ɗaya alhali kayan aikinsa suna sauyawa. Lokacin da kasuwa ta faɗi a 1983 aka rufe matatu da dama, har da matatar Port Ellen (ba masana'antar tsiron ba) wadda ba a sake buɗe ta ba sai 2024, dole masu haɗi suka nemo madadin da mai saye ba zai lura ba.

Rikicin gawayin fadama

Fadamun gawayi sun rufe kusan kashi 3 cikin ɗari na doron ƙasa, amma kabon da suka adana ya fi na dukan dazuzzukan duniya. A Sikotilan sun mamaye kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar, kuma an ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari nasu sun lalace saboda magudanan da aka haƙa, kiwo, ƙona daji da dashen itatuwa. Fadamar da ta bushe tana daina riƙe kabon, ta koma fitar da shi. Saboda haka a 2020 gwamnatin Sikotilan ta yi alkawarin fam miliyan 250 don farfaɗo da hekta 250,000 kafin 2030, a Fabrairun 2023 ta buɗe jin ra'ayin jama'a kan hana sayar da gawayin, inda ta fara da wanda ake amfani da shi a lambuna, sannan a Yulin 2024 UNESCO ta sanya babbar fadamar Flow Country ta arewacin ƙasar cikin wuraren tarihi na duniya.

Ƙungiyar masu wuskin Sikotilan ta ce abin da mambobinta ke amfani da shi bai wuce kusan kashi 1 cikin ɗari na gawayin da ake haƙa a Birtaniya ba, cewa babu wani abu da zai ba da wannan ɗanɗano, kuma a 2023 ta fitar da alkawarin amfani da shi cikin kula. Kamfanin Suntory na Japan, mai Laphroaig da Bowmore, ya ɗauki nauyin farfaɗo da hekta 1,300 kafin 2030. Masana'antun tsiro kuma suna ƙoƙarin sake zagayo da hayaƙi a kan hatsi domin a ƙona kaɗan a samu da yawa.

Masu kare muhalli suna amsawa da cewa abin da ke ɗaukar shekara dubu kafin ya taru ba za a kira shi mai sabuntuwa ba, cewa farfaɗo da wata fadama ba ya mayar da wadda aka haƙe, kuma idan aka hana masu lambu, kason wuski a cikin abin da ya rage zai yi tsalle. Suna kuma nuni da cewa a wasu ƙasashe ana samun hayaƙi ta wasu hanyoyi: matatar Mackmyra ta Suwidin ta yi amfani da itacen junifa, a jihar Arizona ta Amurka ana turara sha'ir da itacen meskit, a Aisilan kuma da busasshen kashin tumaki. Kowane ɓangare yana da gaskiya a inda ya tsaya. Ƙanƙantar kason masu wuski tabbatacciya ce, haka nan madadin da ake ambata hayaƙi ne amma ba irin na Islay ba, sai dai hujjar ƙanƙanta tana raunana a duk lokacin da aka buɗe sabuwar matata mai hayaƙi.

Wannan ba shi ne karon farko ba. A 1985 an yi rigima a kan fadamar Duich Moss ta Islay, inda ake son haƙar gawayi don masana'antar Port Ellen alhali wasu dinyoyi daga Girinlan suna yin hunturu a wurin. Mazauna tsibirin da ke tsoron rasa aiki sun yi wa masu fafutukar muhalli ihu a taron jama'a, daga ƙarshe aka mayar da haƙar zuwa Castlehill, wata fadama a tsibirin.

Waɗanda abin zai shafa

Islay tana da mutane kusan 3,200 da matatu goma ko kusa da haka, kuma yawancinsu na kamfanonin waje ne: Diageo ke da Lagavulin da Caol Ila, LVMH na Faransa ke da Ardbeg, Rémy Cointreau ke da Bruichladdich. Ga mazaunin tsibirin, bunƙasar wuski mai hayaƙi tana nufin aiki da baƙi masu kashe kuɗi, musamman a bikin Fèis Ìle na ƙarshen Mayu, amma tana kuma nufin tsadar gidaje, manyan motoci a kan hanyoyin da aka shimfiɗa bisa fadama, da gasar neman wuri a jirgin fiton da ke tashi daga Kennacraig. Akwai kuma ƙananan manoman tsibirai da har yanzu suke yankar gawayi don ɗumama ɗaki, waɗanda duk wata doka mai faɗi za ta iya taɓawa ko da ba su ne abin nufi ba.

A Indiya ragin haraji ba zai sauko da farashi daidai da adadinsa ba, domin kowace jiha tana ɗora nata harajin. Kaso mai yawa na abin da Indiya ke shigarwa yana zuwa ne a manyan tankoki don kamfanonin cikin gida su gauraya da nasu, saboda haka su ma za su ci moriyar ragin, yayin da matatun tsiro na Indiya irin su Amrut da Paul John za su fuskanci gasa mai tsanani. A ɓangaren Amurka kuwa masana'antar ta riga ta ɗanɗana harajin kashi 25 da aka ɗora wa wuskin tsiro daga Oktoban 2019 zuwa Maris 2021 saboda rikicin tallafin jiragen sama da bai shafe ta ba, sannan harajin kashi 10 ya zo a Afrilun 2025.

Batun lafiya ba ya sauyawa da ƙanshi ko tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019 da shan barasa, kuma a Janairun 2023 ta bayyana cewa babu wani adadi da za a ce ba shi da haɗari. Sikotilan kanta ta kafa mafi ƙarancin farashi na fam 0.50 a kan kowane ma'aunin barasa a Mayun 2018, bayan ƙungiyar masu wuski ta ƙalubalanci dokar har zuwa Kotun Ƙolin Birtaniya, inda ƙungiyar ta sha kaye a 2017, kuma an ɗaga shi zuwa fam 0.65 a Satumban 2024. Wannan doka ta fi taɓa haɗaɗɗen wuski mai arha fiye da na tsiro mai tsada.

Duk hukuncin da za a yanke a kan gawayin fadama, mai saye ba zai ji shi nan take ba. Haɗin da ke ɗauke da lambar shekara 12 a yau an turara hatsinsa ne shekara 12 ko fiye da suka wuce, kuma rumbunan Sikotilan suna riƙe da ganguna fiye da miliyan 20. Wanda zai fara jin sauyin shi ne mai yankar gawayi a Castlehill da ma'aikacin masana'antar tsiro a Port Ellen, sai mai haɗin da zai fara lissafin yadda zai raba hayaƙin da ya rage a kan shekarun da ke gabansa.